Muhawara: Me ke mayar da ruwan madatsunmu kore, kuma me ke kashe kifin da ke ciki?

Ɗan Masunta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina son in kawo maganar da ta daɗe tana damun masu sana'ar su a yankinmu, domin na san a wannan zaure akwai malamai da manoma da ma'aikatan ruwa. Duk shekara idan zafin bazara ya kankama, daga watan Maris zuwa Mayu, ruwan ƙananan madatsu da tafkunan da muke kamun kifi a cikinsu yakan juya ya zama kore shar, gansakuka ta taso sama, iska ta kora ta gefe guda ta yi kauri kamar miyar kuka, ga wani wari da ke tashi idan rana ta take. Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne mutuwar kifi, kuma mutuwar tana da lokacinta: masunci zai sauka bakin ruwa bayan sallar asuba ya tarar da karfasa sun taso sama suna buɗe baki, kafin hantsi wasu sun kife ciki sama, alhali jiya da la'asar lafiyarsu ƙalau. Tarwada kuwa ba ta cika mutuwa ba. Dattawanmu sun ce a zamaninsu abin bai kai haka ba, kuma da yawa daga cikinmu sun ɗora laifin a kan takin zamanin da masu noman rani suke zubawa a gonakin gefen ruwa, wasu kuma sun ce guba ake zubawa da dare. Ina roƙon masu ilimi su warware mana haɗin da ke tsakanin taki da mutuwar kifi, su kuma gaya mana ko zargin da muke yi wa manoma yana kan hanya.

Dakta, malamin kimiyyar ruwa:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Alamomin da ka lissafa, musamman lokacin mutuwar da kuma irin kifin da ke mutuwa, sun nuna cewa kifin nan shaƙewa yake yi, ba guba aka zuba masa ba. Bari in bi maganar daki-daki.

Gansakukar da ke sa ruwa ya yi kore ƙanana ce ƙwarai, ba a ganin ƙwayarta ɗaya sai da madubin likita, amma buƙatunta irin na kowane tsiro ne: hasken rana, ɗumi, da abinci. Abincin da ya fi mata muhimmanci sinadarai biyu ne, naitrojin da fosfaras, wato haruffa biyun farko da ke jikin buhun NPK. Rana da zafi muna da su fiye da buƙata, saboda haka abin da ke taka mata birki a ruwanmu shi ne ƙarancin waɗannan sinadarai. Da zarar sun yawaita sai ta hayayyafa cikin 'yan kwanaki, domin ƙwaya ɗaya tana iya rabuwa biyu a cikin yini guda, kuma masana sun ƙiyasta cewa kilo 1 na fosfaras yana iya samar da ɗanyar gansakuka har kilo 500.

Da rana gansakuka tana fitar da iskar oksijin har ruwan ya ƙoshi da ita da la'asar, shi ya sa kake ganin kifin lafiya ƙalau a wannan lokaci. Idan rana ta faɗi sai ta daina fitarwa, amma ba ta daina shaƙa ba. Ita tana shaƙa, kifi yana shaƙa, ƙwayoyin bakteriyar da ke ruɓar da gansakukar da ta mutu ta nutse ƙasa su ma suna shaƙa, tun magariba har wayewar gari. Ruwa kuwa ba ya riƙe iska da yawa: wanda zafinsa ya kai digiri 20 yana riƙe kimanin miligiram 9 na oksijin a kowace lita, na digiri 30 kuma kimanin 7.5, kuma idan oksijin ɗin ya sauka ƙasa da miligiram 2 yawancin kifaye ba sa iya jurewa. Lokacin da ya fi yin ƙasa shi ne gab da fitowar rana, daidai lokacin da kuke sauka bakin ruwa. Tarwada tana tsira ne domin tana da wata gaɓa a cikin kanta da take shaƙar iskar sarari da ita, gaiwa kuma tana da huhu, amma karfasa da giwan ruwa ba su da wannan gata.

A 1973 wani masani mai suna David Schindler da abokan aikinsa sun raba wani tafki gida biyu da labulen roba a lardin Ontariyo na ƙasar Kanada. Gefe ɗaya suka zuba masa naitrojin da kabon, ɗaya gefen suka zuba masa waɗannan biyun suka ƙara da fosfaras. Gefen da aka sa wa fosfaras ne ya zama kore, ɗayan ya kusan zama yadda yake. Tun daga nan aka fahimci cewa a ruwan da ba na gishiri ba, fosfaras ne yawanci ke jan ragamar abin. Don haka tambayar da ya kamata a yi ita ce ta ina fosfaras yake shiga madatsarku.

Alhaji, manomin Kadawa:

Dakta, Allah ya ƙara basira, na ji daɗin wannan bayani, amma kafin a yanke mana hukunci ina son a ji ta bakinmu. Manomin da ya sayi buhun yuriya a farashin yau, wanda galibi sai ya sayar da dabba ko ya ci bashi, ba shi ne zai watsa shi a ruwa ba. Yawancinmu abin da malaman gona suka ce a sa ma ba ma iya cika shi. A taron takin zamani da shugabannin Afirka suka yi a Abuja a 2006 an bayyana cewa manomin ƙasashen Afirka da ke kudu da hamadar Sahara yana sa kimanin kilo 8 ne kawai na sinadarin taki a hekta guda, aka kuma ɗauki alkawarin kai shi kilo 50. Ƙasarmu ta Arewa yunwar fosfaras take yi, duk wanda ya taɓa shuka masara ba taki ya ga yadda ganyenta ke yin ja-ja tun tana ƙarama. To ta yaya ƙasar da ke jin yunwa za ta ƙosar da ruwa?

Ina gayyatar ɗan'uwana masunci ya zo Kano ya tsaya a bakin rafin Jakara ya ga abin da yake ɗauke da shi: ruwan kwatami na unguwanni, wankin kaya da na kwanuka, jini da tumbin dabbobi, ga rafin Getsi ya shigo masa da ruwan masana'antun Bompai, duk su gangara madatsar Wasai a Minjibir. Babu gonar shinkafa ko ɗaya a cikin Fagge. Ruwa ba ya tsami banza, amma a duba da kyau kafin a nuna mai tsamar da shi.

Dakta, malamin kimiyyar ruwa:

Alhaji, ranka ya daɗe, a mafi yawan ruwayen da ke ƙasa da biranenmu gaskiya tana wajenka, kuma lissafi yana goyon bayanka. Mutum ɗaya yana fitar da kimanin kilo 4 na naitrojin da kimanin rabin kilo na fosfaras a shekara ta hanyar fitsari da bayan gida. A ninka wannan da miliyoyin mutanen da ke zaune a birni irin Kano, inda mafi yawan gidaje ke dogaro da salga da kwatami, inda kuma abin da masu kwasar masai suka kwaso ba kasafai yake bi ta wata matata ba, sai a ga cewa birnin da kansa babbar masana'antar taki ce da ke aiki dare da rana. Fosfaras ɗin da ke cikin ruwan kwatami kuma a narke yake, gansakuka tana amfani da shi nan take, saɓanin na gona wanda galibi yana manne da ƙasa ne, sai ruwan sama ya zaizaye ta sannan ya tafi. Madatsar Hartbeespoort ta Afirka ta Kudu, wadda ta yi suna wajen wannan matsala, abin da ya fi lalata ta shi ne ruwan ƙazantar da ke gangarowa daga yankin Johannesburg.

Sai dai ba zan wanke noman rani gaba ɗaya ba. Matsakaicin lissafin da ka kawo ya haɗa da manomin gero da bai taɓa sayen buhu ba, alhali mai shinkafa ko tumatir ko albasa a gefen madatsa yana sa ninkin-ba-ninkin wancan adadi, kuma a kan gaɓar ruwa yake sa shi. Idan aka watsa yuriya a gonar shinkafa tana cike da ruwa, washegari kuma aka buɗe kunya ruwan ya fita, abin da shukar ke samu sau da yawa bai wuce kashi ɗaya cikin uku ba; wani ya tashi sama, wani ya bi magudana. Asara ce ga manomi kafin ta zama asara ga masunci. Inda noma ya yi ƙarfi kuma muna da misalin inda hanyar take kaiwa: takin gonakin masara da waken soya na tsakiyar Amurka yana bin kogin Misisipi ya faɗa tekun Meziko, inda duk bazararsu ake samun yankin da oksijin ya ƙare a ƙasan ruwa, wanda a 2017 faɗinsa ya kai kusan murabba'in kilomita 22,700. Mu ba mu kai nan ba, amma ana ta kiran a ƙara sa taki, kuma ya kamata a ƙara, don haka yanzu ne lokacin koyon yadda za a sa shi ya zauna a gona.

Hajiya, ma'aikaciyar lafiya:

Ina son in ja hankalin zauren nan zuwa ga mutanen da ke shan ruwan, domin har yanzu maganar kifi ake yi. Dakta zai gyara mini idan akwai gyara, amma wani ɓangare na abin da muke kira gansakuka ƙwayoyin bakteriya ne masu launin kore da shuɗi-shuɗi, kuma wasunsu suna fitar da dafi, wanda aka fi sani a cikinsu yana lalata hanta. A 1996 a garin Caruaru na ƙasar Brazil, fiye da mutum 50 masu wankin ƙoda sun rasu bayan an yi musu aiki da ruwan wata madatsa mai ɗauke da wannan dafi. A watan Agustan 2014 an hana mutum kusan 400,000 a birnin Toledo na Amurka shan ruwan famfo na kimanin kwana uku saboda an same shi a ruwan da ake jawowa daga tafkin Erie. A 2020 giwaye fiye da 300 sun mutu a Botsuwana, hukumomin ƙasar kuma suka danganta mutuwar da dafin irin waɗannan ƙwayoyi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar dafin hantar da bai kamata a wuce ba a ruwan sha ta zama kashi ɗaya cikin miliyan na giram a kowace lita.

Abin da ya fi damuna shi ne mun daɗe muna koya wa iyaye mata cewa su tafasa ruwa kafin a sha, kuma wannan daidai ne game da kwalara da taifot, amma tafasawa ba ta kashe wannan dafi, tacewa da ƙyalle ma ba ta cire shi. A ƙauyukan da rijiya ke ƙafewa da bazara, mace takan sa ƙwarya ta ture koren gefe ta ɗebi na ƙasa, yara suna wanka a gefenta, shanu suna sha daga wancan ɓangare inda iska ta tara kumfar. Dabbobi ne suka fi saurin kamuwa domin suna shan na sama kuma suna sha da yawa. Ba kowane koren ruwa ne ke da dafi ba, amma ido ba ya bambance mai dafi da marar dafi, saboda haka a hana yara shiga, a kuma kai dabbobi gefen da iska ke tasowa, ba gefen da take tara ƙazantar ba.

Malamin Zaure:

Hajiya, Allah ya saka da alheri. Akwai wani ruɗani da nake ji a bakin mutane wanda ya kamata a warware shi. Malaman fiƙihun Malikiyya sun ce ruwan da launinsa ko ɗanɗanonsa ya canja saboda abin da ke tsirowa daga cikinsa, irin gansakuka, yana nan da tsarkinsa, ana alwala da shi. Wasu sun ɗauki wannan a matsayin hujjar cewa ruwan lafiya lau ne a sha. Hukuncin tsarki daban, hukuncin cutarwa daban, kuma abin da likitoci suka tabbatar yana cutar da jiki ba a shansa ko da an halatta alwala da shi. Bayan haka, idan warin ruwan ko launinsa ya canja ne saboda najasar da ake kwarara masa, to hukuncin farko ma ya faɗi. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana yin fitsari a ruwan da ba ya gudu, ya kuma yi gargaɗi a kan yin bayan gida a mashayar mutane. Wanda ya juya bututun masansa zuwa lambatun da ke zuba a kududdufin unguwa ya duba ko bai shiga cikin wannan gargaɗi ba.

Mutumin Nguru:

Allah ya gafarta Malam, wannan tunatarwa ce mai kyau. Ni kuma ina da ja a kan yadda aka taƙaita maganar a kan sinadarai kaɗai, domin mu a fadamar Haɗeja da Nguru abin da ya ci mu ba gansakuka ba ce, kachala ce, kuma babu wani babban birni a bakinmu. Kafin a gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, kogin Haɗeja yakan cika ya yi ambaliya da damina, da rani kuma ya janye har rassansa su bushe. Wannan bushewar ita ce take kashe kachala. Da aka fara sakin ruwa duk shekara, sai ta samu abin da take so, wato ruwa marar zurfi da ba ya ƙafewa. Ta cika rassan kogin, laka ta taru a gindinta, Burum Gana da tsohon kogin Haɗeja suka toshe, ruwa ya karkata ta mashigar Marma ya mamaye gonaki da makiyaya a wajen Nguru, mutanen Gashuwa da na ƙasa da su kuma ruwan da ke isa gare su ya ragu. Inda ake jefa birgi da ake tuƙa kwale-kwale yanzu dajin kachala ne wanda ya fi mutum tsayi, tsuntsayen jan-baki suna kwana a ciki su fito su cinye shinkafa da gero, ga sauro da dodon koɗi mai kawo tsargiya. Jama'a suna yin gayya su shiga ruwa har ƙirji da lauje suna yanke ta a ƙarƙashin ruwa, domin idan an yanke ta a sama sake tohowa take yi. To wannan wane taki ne ya jawo shi?

Injiniyan Ruwa:

Ɗan'uwa, abin da ka faɗa game da asalin yaɗuwar kachala haka yake, canjin tafiyar ruwa ne ya buɗe mata ƙofa. Amma maganganun biyu ba sa karo. Ruwan da ke isowa gare ku ya riga ya bi ta gonakin Kura da Bunkure da Garun Malam, ya karɓi na kogin Challawa da abin da majemun Kano suka zuba masa, ya kuma bi ta gonakin Auyo, kuma kachala tana daga cikin tsirran da suka fi amfana da ruwa mai taki, har ma ana shuka ta da gangan a wasu ƙasashe domin ta tsotse sinadarai daga ruwan ƙazanta. A gansakuka ma tsayawar ruwa rabin matsalar ce. Kogi mai gudu yana wanke ta kafin ta taru, amma madatsa tana riƙe ruwa watanni, da bazara kuma rana tana shanye shi, abin da ke cikinsa ya ƙara kauri.

Akwai kuma wani lokacin haɗari da ba a ambata ba. A madatsa mai zurfi ruwan da ke sama mai ɗumi ba ya gauraya da na ƙasa, kuma na ƙasan oksijin ɗinsa yakan ƙare. Idan sanyin hunturu ya sauka, ko aka yi ruwan farko da iska mai ƙarfi, sai ruwan ya juya, na ƙasa ya taso, kifi ya mutu a dare ɗaya. Ruwan farko kuma shi ne ke wanko duk kashin shanu da juji da kwatamin da suka taru tun Oktoba.

A matatun ruwan sha muna ganin kuɗin wannan matsala kai tsaye: gansakuka tana toshe yashin tacewa, ana ƙara yawan alif da kulorin, kuma duk da haka ruwan yakan fito da warin ƙasa wanda jama'a ke ƙorafi a kai.

Mai Kiwon Tarwada:

Mu masu kiwo muna son ruwa ya ɗan yi kore, musamman mai kiwon karfasa a ramin ƙasa, har kashin kaji ake sawa a buhu a jiƙa a gefen ramin, domin koren abinci ne ga kifi. Ma'auninmu shi ne a tsoma hannu zuwa gwiwar hannu: idan ana ganin tafin hannu tar, ruwan yana buƙatar taki, idan kuma ya ɓace tun hannun bai yi nisa ba, to ya yi yawa, a daina sa taki, a rage abinci, a ƙara sabon ruwa. Don haka a wajenmu magana ce ta adadi. Amma ya kamata a sa sana'armu a cikin lissafin masu ƙazantar da ruwa. Mafi yawan naitrojin da fosfaras da ke cikin abincin da ake ba tarwada ba sa zama nama, suna komawa cikin ruwa ne, kuma wannan ruwan ake buɗe wa ya bi lambatu duk bayan 'yan kwanaki. Wanda ke da fili ya juya shi zuwa lambun alayyafo ko ayaba, zai ga ba ya buƙatar sayen yuriya.

Ɗan Yamai:

Gaisuwa daga bakin kogin Isa, wato kogin Neja. Mu ma kwarin Gunti Yena yana ratsa tsakiyar birni ya zuba ruwan ƙazanta a kogin, kuma a irin waɗannan mashigai ne ciyawar nan mai yawo a kan ruwa mai fure ruwan shuɗi, wadda asalinta Kudancin Amurka ne, ta fi yin kauri, tana hana jiragen masunta wucewa tana kuma toshe bakin injinan ban-ruwa. Tambayata ga Dakta ita ce: matan Kanembu a ƙasar Chadi suna kwasar wani koren abu daga tafkunan kanwa su shanya shi a yashi su yi miya da shi, suna kiransa dihe. Idan koren ruwa yana da dafi, me ya sa su bai cutar da su ba?

Dakta, malamin kimiyyar ruwa:

Tambayar tana da kyau. Abin da suke kwasa shi ne wanda duniya ta sani da sunan sifirulina, kuma dangin waɗancan masu dafin ne, amma shi ba ya daga cikin masu fitar da dafin hanta, kuma yana rayuwa ne a ruwan kanwa mai ƙarfi wanda yawancin sauran ba sa iya zama a ciki, shi ya sa yake fitowa kusan shi kaɗai. Kada wani ya ga haka ya kwashi koren madatsar garinsu ya kai bakinsa ko ya ba dabba.

Ɗan Masunta:

Na gode wa kowa, musamman Alhaji, domin a saman madatsarmu akwai gari mai kasuwar dabbobi da mayanka, kuma ban taɓa jin an kawo su cikin maganar ba. Amma bazara tana tafe. Wani ya gaya mana akwai wani shuɗin magani da ake zubawa ya kashe gansakukar cikin kwana biyu, kuma wasu suna son a yi karo-karo a saya. Mene ne shawararku?

Injiniyan Ruwa:

Ina roƙonku da ku dakatar da wannan karo-karo. Maganin da ake nufi sinadarin tagulla ne, kuma lalle yana kashe ta, amma idan ta mutu gaba ɗaya a lokaci guda ruɓewarta za ta shanye sauran oksijin ɗin, sai ku yi asarar kifin da ta fi ta da. Idan kuma mai dafi ce, ƙwayoyinta suna fashewa dafin ya bazu a ruwan da mutane ke ɗiba. Tagullar kanta tana cutar da ƙananan kifaye, tana kuma taruwa a laka, sannan bayan 'yan makonni koren ya dawo domin abincinsa yana nan.

Abin da aka gwada ya yi aiki shi ne toshe mashigar abincin. Tafkin Washington da ke gefen birnin Siyatil na Amurka ya lalace saboda ruwan ƙazantar gari, aka karkatar da ruwan daga gare shi tsakanin 1963 da 1968, kuma cikin 'yan shekaru ya washe. Ƙasashen Tarayyar Turai sun taƙaita fosfaras a garin sabulun wanki tun 2013. A ƙasa mai rana irin tamu ba sai an jira matata mai tsada ba: jerin ramuka masu faɗi da ruwan mayanka da na kwatami zai bi ta cikinsu ya kwana ya kwanta, sannan ya ratsa filin ciyawa kafin ya isa madatsa, yana rage kaya mai yawa, kuma tumbin dabbobi da kashinsu idan an tara su a tudu taki ne da manoma za su saya. Wannan magana ce da Sarkin Ruwa da Sarkin Fawa da hakimi za su iya zama a kanta. Sai dai ku sani ba a shekara ɗaya za ku ga canji ba, domin fosfaras ɗin da ya taru a lakar ƙasa yana sake narkewa ya dawo cikin ruwa duk lokacin da oksijin ya ƙare a can.

A ɓangaren gona kuma, a raba takin kashi biyu ko uku, a rage ruwa kafin a sa, a toshe kunya na 'yan kwanaki bayan an sa, masu shinkafa su gwada dunƙulen yuriya da ake cusawa a laka tsakanin gindi huɗu, sannan a bar zirin ciyawa tsakanin gona da bakin ruwa.

Alhaji, manomin Kadawa:

Injiniya, raba taki da toshe kunya da dunƙulen yuriya duk na yarda da su, domin kuɗina suke tsare mini, ko da yake cusa dunƙulen yana cin 'yan ƙwadago da yawa. Inda nake ganin za a yi ta ja shi ne zirin ciyawar nan. Mai hekta biyar zai iya barin taku goma a bakin ruwa, amma yawancin masu lambu a gefen ƙananan madatsu ɗan filinsu duka bai wuce taku talatin ba, kuma bakin ruwan shi ne wurin da ya fi albarka, suna bin ruwa yana janyewa suna dasa albasa. Idan za a ce ya bar sulusin gonarsa saboda kifin wani, sai an gaya masa abin da zai samu. Shawarata ita ce zirin ya zama na ciyawar da ake yanka a sayar wa masu kiwo, irin gamba, ko a ba shi damar dasa gwaba da mangwaro a wurin, kuma a fara da mayankar da ɗan'uwanmu ya ambata kafin a zo kan mai albasa, domin idan ya ga jini yana gangarowa daga gari ba zai saurari kowa ba. Ɗan Masunta, idan za ku zauna da hakimin, ku gayyaci shugaban masu noman rani tun zaman farko, kuma ku je da hotunan mashigar ruwan gari da na bakin gonakin duka biyu.